Wayoyin Kawu Mai Kunne

Daga Allah muke, kuma gare shi Kawu ya riga mu komawa, yau mako uku ke nan. Yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. 'Ya'yansa duk mata ne, saboda haka ni na zauna a tabarmar ƙofar gidansa da ke Ɗan Iya na kwana uku ina karɓar gaisuwa.

Mutane sun zo fiye da yadda na zata. Tsofaffin abokan aikinsa na gidan rediyo sun zo a mota ɗaya, duk sun yi furfura, suna ta tuna yadda yake tsayawa a bayan ƙofa ya faɗi makirfon da ya kwance ba tare da ya leƙa ba. Su suka sa masa suna Mai Kunne tun yana saurayi, sunan ya bi shi har gida, har jikokinsa wasu ba su san sunansa na yanka ba. Ladanin unguwa ya ce shekara da shekaru Kawu ke gyara lasifikar masallaci, ko ruwa bai taɓa yarda ya sha a kan aikin ba. Wata dattijuwa ta zo daga Fadaman Mada a keke mai ƙafa uku, ta wuce cikin gida tana kuka. Daga baya na ji cewa kaset ɗin da ke ɗauke da muryar mijinta ne ya taɓa tsinkewa, Kawu ya zauna yini guda ya liƙe mata shi.

A rana ta biyu wani dattijo da ke sahun gaba a masallaci ya gyara zama ya ce, "Ni abin da ya fi faranta mini rai game da marigayi, shekara biyun nan na ƙarshe ba mu ƙara jin kiɗa daga ɗakinsa ba. Allah ya nufe shi da barin abin nan tun da sauran numfashi. Wannan alama ce mai kyau."

Aka yi ta cewa masha Allah. Ni ma na motsa leɓena. A can ƙarshen tabarma akwai Baba Soja, aminin Kawu, Kirista ne daga kudancin jihar nan, wanda ya yi ritaya daga sashen sadarwa na soja ya zauna a gefen barikin Shadawanka. Ya ɗaga kai ya dube ni, sannan ya mayar da idonsa ƙasa. Mu biyu mun san ba tuba ce ta rufe ɗakin nan ba. Ni na rufe shi, da hannuna, ranar wata Lahadi, kuma na shafe shekara biyu ina neman bakin da zan ba Kawu haƙuri. Ina rubuta wannan ne don kada a manta da shi, kuma don kada a tuna da shi da labarin da ba nasa ba.

Ɗakin da ake magana shi ne na farko in ka wuce zaure. A nan ya tara abin da ya kwashe rayuwarsa yana tarawa: injin faifai, amfilifaya mai nauyin da sai mutum biyu, manyan sifiku biyu na katako da ya saya hannun wani Bature da zai koma gida, da faya-fayai cike da kabad. Ba a shiga da takalmi, ba a shiga da abinci. In ya ɗora allura a kan faifai ba a magana sai ta kai ƙarshe, ko da kuwa gobara ka zo faɗa. Da wani tsohon kallabin Inna, matarsa, yake goge faya-fayan, kuma ta daɗe tana cewa kallabin ya fi samun kulawa a hannunsa fiye da lokacin da yake kanta.

Yana da magana ɗaya da ba ta barin bakinsa: "Ka ji?" Zai runtse ido, ya ɗaga ɗan yatsa, ya ce, "Ka ji inda mai gogen ya ja numfashi? Ka ji?" In ka ce ka ji alhali ba ka ji ba, zai gane, ya mayar da allura baya. Ba ya son hayaniya ko kaɗan. In muka bi ta kasuwa masu tallan magani sun ƙure lasifika, sai ya toshe kunnensa da yatsu kamar ƙaramin yaro, yana cewa, "Ƙara daban, sauti daban. Waɗannan ƙara suke sayarwa." Ya taɓa sa mai keke ya tsaya a tsakiyar hanya, ya ciro sukudireba daga aljihu ya ɗaure masa sifikar da ke karkarwa, sannan ya ce a ci gaba da tafiya.

A wannan ɗakin na koyi haɗa waya da dalma, kuma Kawu ne ya tura ni karatun lantarki. Ranar da na kawo masa takardar kammalawa ya fara kirana Injiniya, rabi yabo rabi tsokana. Darasin farko da ya ba ni, tun ban san komai ba, a kan waya ne. Ya ɗauko wani guntu ya feɗe shi ya nuna mini jan ƙarfen ciki. "Waya waya ce," ya ce. "In ta yi kauri daidai, ba ta yi tsatsa ba, bakinta ya kama gam, ta gama aikinta. Duk wanda ya ce maka tasa tana ƙara wa waƙa daɗi, aljihunka yake kallo."

Kan wannan maganar ce suka taɓa ɓatawa da Baba Soja. Duk Lahadi in ya taso daga coci yakan biyo ta Ɗan Iya, su zauna su saurari faifai har la'asar ta yi, Kawu ya tafi masallaci ya dawo ya tarar da shi yana gyangyaɗi. Wata shekara aka tura Baba Soja aiki ƙasar waje, ya dawo da wata waya mai kaurin wutsiyar sa, bakinta na ruwan zinariya, a cikin akwati mai laushin ciki. Ya ajiye ta a gaban Kawu yana taƙama.

"Malam, wannan waya ba irin naka ba ne. In ka sa shi, za ka ji mai waƙa kamar yana zaune a cinyan ka."

Kawu ya juya ta, ya shinshina ta, ya mayar cikin akwatin. "Saje, waƙar nan da kake ji, ni na san yadda ake ɗaukarta. Ta bi waya mai tsawon gona, wadda ɓera ya ɗanɗana aka naɗe da salatif, kafin ta shiga faifai. Yanzu a taku uku na ƙarshe ne za ka yi mata kwalliya da zinariya ta zama amarya?"

"Kai dai baƙin ciki ne kake yi."

"Ina baƙin ciki da kuɗinka, ƙwarai kuwa."

Baba Soja ya ɗauki akwatinsa ya fita ko sallama babu. Lahadi biyu bai zo ba. A ta uku Kawu ya sa Inna ta toya kwano guda na masa, ya ɗauka da kansa ya hau keke zuwa Shadawanka, suka dawo tare suna musu a kan wani abu daban. Amma tsokanar ba ta mutu ba. Shekaru bayan haka, duk lokacin da Baba Soja ya yi sabuwar riga sai Kawu ya tambaye shi ko ita ma bakinta na zinariya ne.

Wannan Kawun ne dai, shekara biyar da suka wuce, ya fara sayen wayoyi masu tsada.

Abin ya fara ne da wani faifan garaya da yake ƙauna. A bayan garayar akwai mai kaɗa caki, wannan 'yar ƙwaryar mai tsakuwa a ciki da ke ba da siririn sauti. Wata rana na shigo na same shi ya ƙura wa sifika ido. Ya ce, "Injiniya, caki ya ɓace daga faifan nan." Na saurara, caki na nan yana ta kacau-kacau. Na ce ni ina ji. Ya ce a'a, ba kamar da ba, an lulluɓe shi. Ya canza allura. Ya wanke faifan. Ya kwance amfilifaya ya bi ta ɗaya bayan ɗaya. Bayan wata biyu sai ga shi ya dawo daga shagon wani ɗan kudu mai sayar da kayan sauti, riƙe da leda.

Ya ce wa Inna ya sayi waya, ya faɗi kuɗin. Ta yi murna, don ta gaji da tsohuwar salularsa mai madannai. Ta ce, "Alhamdu lillahi, Malam. Mai hoto ce? A sa mini lambar yaran a ciki." Ya buɗe leda ya zaro igiya baƙa mai taku shida. Inna ta dube ta, ta dube shi, ta koma madafa. An daɗe ana ba da wannan labarin a dangi ana dariya, ni ma na yi tawa.

Daga nan waya ta bi waya. Wannan ta azurfa ce a ciki, waccan an saƙa mata riga, wata ma har da kibiya a jikinta wai sauti gefe ɗaya yake bi. Kowace ta zo, Kawu zai yi kwana biyu yana fara'a, ya ce caki ya fara leƙowa, sannan fara'ar ta gushe ya fara zancen wata. Kuɗin fansho ne, ba wani abu yake da shi ba. Wata wayar ta kai kuɗin buhun shinkafa biyu, ga ɗakin Inna yana yoyo duk damina. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne Baba Soja. Mutumin da aka yi wa dariya shekara da shekaru, maimakon ya rama, sai ya zauna yana gyaɗa kai yana cewa, "Gaskiya, Malam, wannan ya fi na wancan wata." Na ɗauka daɗin nasara yake ji.

A wannan lokacin ne wata magana ta shigo gidan. In baƙo ya yi sallama sau uku a zaure Kawu bai amsa ba, sai Inna ta ɗaga murya daga ciki ta ce, "Ku shiga, yana kan waya ne." In ta kira shi cin abinci bai motsa ba, sai ta ce wa jikoki, "Ku je ku taɓa kakanku, yana kan waya." Baƙi suna ɗauka salula ake nufi, su yi ta ba da haƙurin katse shi. Mu na gida muna ɗauka wayoyin sifika take yi wa habaici. Ni dai haka na ɗauka, kuma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me ya sa mai habaici za ta riƙa faɗa da irin wannan taushin murya ba.

Na je wurin mai shagon da faɗa. Na ce masa ya ji tsoron Allah ya daina cutar tsoho. Ya bar abin da yake yi ya zagayo. "Oga, wallahi na gaya masa ba ya bukata. Sau biyu na gaya masa. Ya ce in kawo. Ka bar Baba, ka ji? Ka bar shi kawai." Na fita ina cewa a raina duk macuci haka yake da daɗin baki.

Ina da ilimi, ina da mitar awon lantarki, kuma ina da gaskiya. Na auna wayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, a wannan ɗan tsawon babu wani bambanci da kunnen ɗan Adam zai kama tsakaninsu da waya mai kauri ta kasuwa. Na nuna wa Kawu allurar mitar, ya ce mita ba ta da kunne. Sai na yanke shawarar in nuna masa ta hanyar da ba zai iya musu ba. A lokacin ina gaya wa kaina rufin ɗakin Inna nake karewa. Yanzu na san akwai son a ce Injiniya ya yi gaskiya a ciki, kuma shi ya fi yawa.

Ranar Lahadin, sabuwar waya ta iso daga Legas, wadda ta fi duk na baya tsada, har Kawu ya gayyato tsofaffin abokan aikinsa biyu su zo su ji. Ya ɗaura ta da safe, ya fita aski. Na shiga ɗakin na kwance ta na tura ƙarƙashin kabad. Na yanko wayar wani mataccen dutsen guga na Inna, na raba ta, na feɗe bakin, na haɗa sifikun da ita, na mayar da komai jikin bango yadda ba za a gani ba.

Bayan azahar suka hallara, Baba Soja da baƙin biyu da ni. Kawu ya sa farar rigarsa, ya goge faifan garayar, ya ɗora allura. Ya zauna a kujerarsa ya runtse ido, ya karkatar da kai gefe. Can sai ya ɗaga yatsa, fuskarsa ta washe.

"Ga shi nan. Ya dawo. Kun ji caki? Saje, ka ji?"

"Na ji, Malam. Kamar yana cikin ɗaki."

Baƙin ma suka ce sun ji, ɗaya har yana cewa lallai kuɗi ba ya ƙarya. Ni kuma na tashi, ina danne dariya, na janyo sifika ɗaya daga bango. Na ɗaga wayar dutsen gugar sama, da ragowar zaren da ya ƙone a jikinta. Na sunkuya na zaro ta Legas daga ƙarƙashin kabad na ajiye a tsakiyar ɗaki.

"Kawu, ga wayarka nan, ko taɓa sifika ba ta yi ba. Da ta gugar Inna kuke ji tun ɗazu. Ai kai ka koya mini, waya waya ce."

Na jira a yi dariya. Ba wanda ya yi. Garaya na ta tafiya, caki na bin ta. Baƙin biyu suka sunkuyar da kai. Kawu ya taso a hankali, ya karɓi wayar daga hannuna, ya kai ta kusa da idonsa ya duba inda na murɗe bakin. Ya daɗe yana dubawa.

"Haɗin ya yi kyau," ya ce. "Ka iya aiki, Injiniya."

Ya ɗage allurar tun faifan bai kai rabi ba, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya mayar da faifan cikin rigarsa, ya kashe amfilifaya, ya lulluɓe injin da kallabin. Ya ce wa baƙin sun gode da zuwa, a gaida gida. Sannan ya shiga ciki.

A ƙofar gida Baba Soja ya damƙi hannuna, da irin ƙarfin da ban san tsoho na da shi ba. Idonsa ya yi ja.

"Kai, ka ɗauka mu wawaye ne? Shekara uku ina zuwa nan ina cewa na ji, na ji. Ka ɗauka ban san waya ba? Waya na yi aiki da shi har na tsufa. Mutumin nan kunnen shi ne ya tafi. Shi ya sani, matan shi ya sani, mai shago ma ya sani. Kai kaɗai mai karatu ne ba ka sani ba. Waya nan rigan shi ne, ka tuɓe shi a gaban baƙi."

Ya sake ni, ya tari keke ya tafi. Na tsaya a wurin riƙe da wayar guga, ban san inda zan ajiye ta ba.

Inna ce ta ƙarasa mini sauran, bayan kwana biyu, tana tsince shinkafa ba ta ko kallona. Tun kafin wayar farko Kawu ya je asibiti shi kaɗai. Ta tsinci takardar a aljihunsa da za ta yi wanki, ta karanta, ta mayar inda take. Likita ya ce jin siraran sautuka ne ke fara tafiya, sauran su bi, kuma ba ya dawowa. Bai taɓa gaya mata ba, ita ma ba ta taɓa nuna ta gani ba. "Mutumin da duk garin nan ke kira Mai Kunne," ta ce, "ta ina zai fara? Muddin laifin na waya ne, shi lafiyarsa ƙalau. Ni da nake kwana a ɗakin da ke yoyo ban yi ƙara ba, wa ya aike ka?" Ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Da Kawu ya zage ni, ko ya hana ni gidansa, da na fi samun sauƙi. Bai yi ko ɗaya ba. In na zo zai amsa gaisuwata, ya tambayi iyalina, ya kira ni Injiniya kamar kullum. Ɗakin ne kawai bai ƙara buɗewa ba. Baba Soja ya ci gaba da zuwa duk Lahadi, amma a zaure suke zama, su yi shiru tare har la'asar.

Labari kuwa ya fita, don baƙin nan biyu ba mugaye ba ne amma suna da baki. Cikin wata guda duk unguwa ta san Kawu ba ya ji sosai. Mutane suka fara yi masa abin da suke ganin kirki ne. Mai kanti ya riƙa ɗaga murya in zai gaya masa kuɗin sukari. A masallaci ana kama kafaɗarsa a yi masa ihun gaisuwa a kunne. Mutumin da ke toshe kunne saboda masu tallan magani, yanzu kowa ihu yake yi masa, kuma dole ya yi murmushi ya gode. Sunan Mai Kunne ma aka daina kiransa da shi a gabansa, wai don kada ya ji ciwo, aka koma Baba kawai. Ya daina zuwa majalisar dattawa ta bakin titi. Inna ta daina cewa yana kan waya. In baƙo ya yi sallama, sai ta ce, "Ku ɗan ɗaga murya."

Na yi ƙoƙarin gyarawa ta hanyoyin da ba sa bukatar magana. Na sa aka gyara rufin ɗakin Inna. Na sayo masa 'yar na'urar da ake maƙalawa a kunne, ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, ya sa a aljihun tebur, a nan muka same ta cikin kwalinta bayan rasuwarsa. Da Sallah in mun je gaisuwa nakan ce a yafi juna tare da kowa, cikin hayaniyar yara, amma ni da shi mun san wannan ba ita ba ce. Ita maganar ta gaskiya kalma huɗu ce kacal, sai dai don ya ji ta dole in ɗaga murya, kuma ɗaga masa murya shi ne ainihin abin da na jawo masa. Sau da yawa na zauna kusa da shi na buɗe baki, sai in tambaye shi ya ƙafa.

A wurin aikina har yau ana tambayata ko wayar sifika mai tsada ta cancanci kuɗinta. Amsata ba ta canza ba, don mita ba ta canza ba. Ka sayi mai kaurin jan ƙarfe, kada ta yi tsawon banza, ka ɗaure bakin da kyau, sauran kuɗin ka sa a sifika ko ka kai gida. Abin da ya canza shi ne yanzu nakan dubi mai tambayar kafin in amsa. In saurayi ne, na gaya masa kai tsaye. In dattijo ne da ke karkatar da kai gefe ɗaya yana kallon bakina, sai in ce ya gwada ya ji, kunnen kowa daban.

Ciwon ajalinsa bai yi tsawo ba. Hawan jini ne ya kayar da shi, aka kwantar da shi a ɗakin maza na asibiti, gadaje a jere, kowane da masu jinya zagaye da shi. Ba wanda ya san shi a wurin. Sun ɗauke shi wani dattijo mai kawaici da ba ya son yawan magana, kuma na lura hakan na yi masa daɗi. A rana ta huɗu Baba Soja ya same ni a baranda ya ce, "Je ka faɗa masa yau. Na ga mutane da yawa a kwance, na san wannan kwanciya."

Magariba ta kusa, ma'aikaciyar jinya ta fara cewa masu dubiya su fita. Na shiga na durƙusa a gefen gadon. Ya rame, amma idonsa na nan tar. Na kama hannunsa na ce, "Kawu, ka yafe mini."

Ya ƙura wa bakina ido. Na ƙara matsowa, na ɗan ɗaga murya kaɗan. "Kawu, ka yafe mini." Mutumin gadon kusa ya juyo, matarsa ma ta daina zuba shayi.

Sai Kawu ya yi murmushi. Ya zare hannunsa daga nawa ya ɗora a kaina, abin da rabonsa da yi tun ina yaro.

"To, Injiniya, sai da safe," ya ce. "Allah ya kai mu."

Yafe na ce, safe ya ji. Abin da ya rage shi ne in kai bakina kunnensa in faɗa da ƙarfi, yadda duk ɗakin zai ji, shi kuma ya gane a gaban baƙin mutane cewa ya amsa abin da ba a tambaye shi ba. Na dubi fuskarsa, tana cikin natsuwar da na daɗe ban gani ba. Na haɗiye maganar.

"Amin, Kawu. Sai da safe."

Bai kai safiyar ba. Har yau ban sani ba ko kuskuren ji ne, ko kuwa ya karanta bakina sarai, ya ga mutane na kallona a durƙushe, ya zaɓi ya rufa mini asirin da ni ban rufa masa ba. Babu wanda zan tambaya.

Ya Allah, kai ba a ɗaga maka murya. Ka gafarta wa Kawu, ka yalwata masa makwancinsa, ka ba Inna da 'ya'yansa da amininsa haƙurin rashinsa. Kuma ka isar masa da kalma huɗun nan, yadda na faɗe su.